Me Ake Bugawa a Waya?

Dillalin masara a kasuwar Funtuwa zai ce maka ya buga wa abokin cinikinsa na Malumfashi waya, alhali abin da ke hannunsa ba ya haɗe da zaren ƙarfe ko taƙi ɗaya, kuma gilashi ya shafa, bai bugi komai ba. Kalmomin biyu duk gado ne. "Waya" aro ce daga Turanci, sunan zaren ƙarfen da ake ja a kan turaku, irin wanda ya raka layin dogon da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, zamanin da auduga da gyaɗa ke cika taragai. Bugun kuwa, a ganina, na ma'aikacin tangarahu ne. Ɗan maɓalli yake ƙwanƙwasawa, gajere da dogo, bisa tsarin Morse, kowane harafi da kiɗansa. Daga baya "tangarahu" ta koma sunan tarhon girke, gidan waya kuma ya zama wurin sayen kan sarki.

Da saƙo ya rabu da turaku, Bahaushe bai saki kalmar ba, sai ya ce "wayar iska". A watan Disamba 1901 Marconi ya ce ya ji harafin S, ɗigo uku kacal, ta wayar iska daga Ingila zuwa Newfoundland, haye da tekun Atilantika. Wahalar tana wajen kamawa, kuma mu ma "kama" muke cewa: akwatin ya kama tasha, kamar wanda ya yi dakon tsuntsu. Tashar ma da ta jirgin ƙasa kalma ɗaya ce.

Akwatin rediyon da manomi ke ratayawa a gona, in ya ci karo da bugun Morse, huci kawai zai yi. Sai an sa masa wani ɗan sashe a ciki mai fitar da igiyarsa dab da wadda ta shigo. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai kaɗawa 700 a daƙiƙa, misali, kunne zai ji fito tas. Reginald Fessenden ne ya kawo dabarar, ya raɗa mata suna da Girkanci, hetarodayin. Da ni aka tambaya, ɗan amshi zan kira sashen. Sannan a tsuke rariyar akwatin: magana na buƙatar faɗin kaɗawa wajen 3,000, bugu kuwa 500 ya ishe shi, shi ya sa yake ratsa ƙarar damina inda murya ke nutsewa.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce "zango", masaukin fatake da tafiyar yini tsakanin masauki biyu. Aka ara wa tsawon igiyar rediyo: Rediyon Kaduna a mita 49, gajeren zango. Abin mamaki, gajeren ne ya fi cin nisa, don yana dukan saman sararin samaniya ya dawo ƙasa. Ta kansa Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya riƙa iso Bakori da Ƙafur daga Landan.