"Maso" da Awon Tafiya a Ƙasar Hausa: Misali daga Wudil

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin wani darasi da ake koya wa ɗaliban Fiziks tun a shekarar farko, wato yadda ake gano tazarar da ke tsakanin mafarin tafiya da ƙarshenta, ta hanyar tara ɓangarorinta. Za a nuna cewa tunanin da darasin ya ginu a kai ya daɗe a bakin Bahaushe.

2.0 Nisan hanya da tazara

Bahaushe ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba ne." Wannan karin magana ya bambanta abubuwa biyu: miƙaƙƙen layin da ido ke bi, da kuma hanyar da ƙafa ke takawa. Fatake sun fi kula da na biyun, shi ya sa suke auna tafiya da zango da kwana. Masana kimiyya kuwa na farkon suke nema, wato tazara tare da alƙiblarta.

Nan ne kalmar "maso" ta shigo. Idan aka ce gabas maso kudu, an raba alƙibla guda gida biyu: gabas ita ce tushe, kudu kuwa karkata ce. Wudil misali ce mai kyau. Daga birnin Kano, garin yana kimanin kilomita 36 ta gabas, da kimanin kilomita 20 ta kudu. In aka ninka kowane adadi da kansa, aka tara, sa'an nan aka nemi saiwar jimlar, za a sami kusan kilomita 41. Ita ce tazarar garuruwan biyu, ko ta wace hanya matafiyi ya bi.

3.0 Masu fito

Wudil tana bakin kogin da ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka haifar, wanda ke gangarawa Haɗeja. Kafin a gina gada, da kwale-kwale ake ƙetare shi. Mai fito ya san ƙarfi biyu ne ke aiki a kan jirginsa: tuƙinsa na kai shi tsallake, igiyar ruwa na jan sa gangare. A ƙaddara faɗin ruwan mita 400 ne, kuma kafin ya ƙetare ruwa ya gusar da shi mita 300. Ke nan jirgin ya yi tafiyar mita 500 a karkace, ya kuma sauka nesa da mashigi. Don haka ne gwani yakan karkata goshin jirgi wajen da ruwa ke fitowa tun daga farko. Bai rubuta lissafi ba, amma ya yi shi da hannu da ido.

4.0 Shigar ƙa'idar cikin littafi

A Turai ma aiki ne ya riga ƙa'ida. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna rarraba tafiyar kowace rana zuwa abin da aka yi arewa ko kudu, da abin da aka yi gabas ko yamma. Simon Stevin ya yi bayanin haɗuwar ƙarfi biyu a 1586, Isaac Newton ya kafa ta a matsayin ƙa'ida a 1687. Tsarin da ake koyarwa yanzu kuwa Josiah Gibbs na Amurka da Oliver Heaviside na Ingila ne suka daidaita shi daga wajajen 1880.

Wannan dabara ta taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, yana tafe da agogo da na'urar nuna alƙibla, yana rubuta tsawon lokacin kowane yanki na tafiya da inda ya fuskanta. Da waɗannan bayanai August Petermann ya zana taswirorin tafiyarsa. Barth ya kuma tattara jerin zangunan hanyoyin da bai taka ba daga bakin fatake da alhazai, saboda haka iliminsu ma yana cikin taswirorin.

5.0 Darasin a yau

A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 2001 kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta fara aiki a Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. A irin waɗannan wurare ana ba ɗalibi tambaya kamar haka: mutum ya yi kilomita 10 gabas, 8 arewa, sa'an nan 4 yamma. Ƙafarsa ta taka 22. Amma yamma tana cin gabas, saura 6 gabas da 8 arewa, tazararsa kuwa 10 ce, arewa maso gabas. In wani yanki na tafiyar a karkace yake, sai a fara raba shi gida biyu da lissafin kusurwa kafin a tara.

6.0 Kammalawa

Ɗalibin da aka fara wa wannan darasi da baƙon harshe kaɗai yakan haddace ƙa'idar ba tare da ya gane ta ba. Ya kamata malaman kimiyya da masana Hausa su haɗa kai wajen tsara kalmomin fannin, su fara da "maso" da "tazara" da "alƙibla", tun da yaro ya zo da su daga gida.