Jar tawada a Zugu da Paraku

Kafin makarantar Faransa ta iso arewacin Benin, jar tawada ba alamar laifi ba ce. A Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a wannan yanki, baƙar tawada ta haruffa ce, ja kuwa ta wasali, wato ita ke nuna wa mai karatu yadda zai furta kalma. Fataken goro ne suka shimfiɗa hanyar wannan ilimi. A ƙarni na 18 da na 19 ayari kan tashi daga Kano, ya ratsa Nikki da Paraku, ya yada zango a Zugu, wadda Faransawa ke rubutawa Djougou, sannan ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Malamai na bin ayarin, wasu su zauna a unguwar Wangara ta Zugu ko a zangon Paraku, inda ake kiran malami alfa da harshen Dendi.

Dubi yadda ake gyara a makarantar allo. Almajiri ya rubuta allonsa, ya kawo gaban malam, malam ya bi shi layi-layi, inda ɗigo ya faɗi ya mayar, inda wasali ya karkace ya daidaita, yaron na durƙushe yana kallon bakin alƙalami. Idan ya biya karatun ya zauna masa, sai a ce ya je ya wanke. Kuskuren ya bi ruwa, gyaran ya zauna a ka. Manyan ɗalibai ma haka suke yi da littattafan fiƙihu: in mai kwafi ya tsallake kalma, a rubuta ta a gefen shafi da ƴar alamar inganci, ba a yaga takardar. A ganina hikimar ke nan, domin kuskure shi ne daidai wurin da malami ke gane inda zai sa hannu.

Bayan yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898, wadda ta raba ƙasar Borgu biyu, garuruwan nan suka tabbata cikin Dahomey, wato Benin ta yau, makarantar boko ta zo da nata ma'auni. Maki bisa 20 ne, kuma a wancan zamani a shifta ta jarrabawar kammala firamare kuskure 5 kan jawo sifili. Jar tawada ta koma ta ƙidaya, yaro ya koyi gudun kalmar da bai tabbatar da ita ba. Mai gudun sabuwar kalma kuwa yaushe zai iya insha'i?

Za a ce makarantar allo ma tana da bulala, kuma kwafi take koyarwa, ba ta neman yaro ya faɗi ra'ayinsa. Gaskiya ne, ban kuma ɗauki bulalar da sauƙi ba. Za a ƙara da cewa gyaran da aka rubuta a takarda ya fi daɗewa, ɗalibi na iya komawa gare shi bayan shekara. Wannan ma haka ne, amma sai in malamin ya rubuta dalili. Jan layi da lamba a saman shafi ba su gaya wa yaro abin da zai yi gobe. Alfa ba ya sallamar allo sai an sake karanta masa wurin da aka gyara, malamin aji kuwa a Paraku, da tarin littattafai a gabansa, sau da yawa maki yake sawa ya mayar, insha'in kuma ba ya sake dawowa teburinsa.