Faransanci da Jiharmu: Tun 1996 Ake Magana

Jama'a, a 1996 Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro mana Jihar Nasarawa, Lafia ta zama babban birni. A shekarar ce kuma ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Najeriya. Maganar dai ta tsaya a takarda. Har yau in ɗanmu ya ce Faransanci zai karanta a jami'a, sai mu ce, "Paris za ka?" Alhali Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, maƙwabtanmu duka, da shi suke aikin ofis. Ko labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, da Faransanci marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya wallafa shi a 1980, kuma ƙalilan ne cikinmu ke iya karanta shi.