Gyaran jikin mota da fenti a yankin Kura da Bunkure

Gyaran jikin mota da fenti sana'a ce ta miƙar da ƙarfen motar da ya lotsa, da like inda ya tsage ko tsatsa ta cinye, sannan a sake fesa wa motar launi. Mai bugun ƙarfen ana kiransa fanalbita, mai fesa launin kuma mai fenti, kodayake a ƙananan gareji sau da yawa mutum ɗaya ne yake haɗa ayyukan biyu. A ƙananan hukumomin Kura da Bunkure na Jihar Kano, inda noman rani ya zama jigon arzikin jama'a, sana'ar ta dogara ne a kan motocin da ke jigilar kayan gona da fasinja. Akasarin masu kawo aiki fenti mai rahusa suke nema, kuma wannan rahusar ita ce take tsara yadda ake aikin, da irin kayan da ake saya, da abin da mai sana'ar yake komawa gida da shi.

Yankin da motocinsa

Kura tana kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya, kimanin kilomita 30 daga birnin Kano, Bunkure kuma tana kan hanyar Rano. Dukkansu, tare da Garun Malam, suna cikin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da manyan magudanan ruwan. Ana noma shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Kura ta yi suna wajen casar shinkafa, Kwanar Gafan kuma wajen kasuwar tumatir.

Wannan noma ya tara ababen hawa iri-iri a yankin: akori-kura, da kanta, da J5, da ƙananan bas, da kurkura, da babura masu ƙafa uku, da manyan motocin da ke lodi zuwa kudancin ƙasar. Jikinsu yana lalacewa da wuri saboda irin kayan da suke ɗauka. Ruwan tumatir yana da tsami, idan ya kwanta a ƙasan bodi sai ya ci fenti ya isa ƙarfe. Takin zamani yana jan laima, yana kuma gaggauta tsatsa. Taɓon hanyoyin gona yana maƙalewa a ƙarƙashin fenda ya riƙe danshi na kwanaki. Ga kwanduna da buhunan shanshera da ke gurje bango a kowane lodi. Saboda haka, ga direban yankin, fenti kariya ce ga jarinsa kafin ya zama ado.

Asalin fentin feshi

A farkon zamanin mota da buroshi ake shafa fenti, kuma bushewarsa takan ɗauki makonni. A shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin Duco, wanda ake fesawa kuma yake bushewa da sauri. Daga nan feshi ya zama hanyar da kowa yake bi. Kasuwar fenti mai rahusa ma ta daɗe a Amurka: Earl Scheib ya fara tasa a birnin Los Anjeles a 1937, ya kuma shahara da fentin kowace mota a farashi guda, kamfanin Maaco kuma ya biyo baya a 1972.

A Arewacin Nijeriya sana'ar ta bunƙasa tare da yawaitar motoci, musamman bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa mota a Kaduna a 1975. Daga baya, da sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Irin waɗannan motoci da yawa suna isowa da lotsa ko kojewa, wasu ma bayan sun yi haɗari, don haka gareji ne zangonsu na farko.

Matakan aiki

Aikin yana farawa da kwance abin da zai hana hannu shiga, kamar bamba da fitilu da marfin ƙofa. Fanalbita yana buga lotsar daga ciki da guduma, yana tare ta daga waje da dunƙulen ƙarfe, har fuskar ta dawo kusa da yadda take. Inda ƙarfe ya miƙe fiye da kima, akan ɗumama shi da wuta a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma don ya tsuke. Inda tsatsa ta huda, yankewa ake yi a kawo sabon falle a yi walda. Waldar gas ita ta fi yawa a ƙananan gareji, inda ake zuba ruwa a kan kabayid ya fitar da iskar da ake haɗawa da ta oksijin, wutar kuma zafinta yakan haura digiri 3,000.

Bayan bugu sai shafa fila, wato wani kwaɓi da ake gauraya shi da ɗan maganin daskarewa don cike ƙananan ramuka. Ƙa'idar masu yin sa ita ce kada kaurinsa ya wuce 'yan milimita. Idan ya bushe sai a goge da samfefa, ana farawa da mai kaushi kamar lamba 80, a sauko zuwa 180 da 240, a ƙarasa da 400 ko 600. Daga nan a fesa firama, wadda ke kama ƙarfe ta hana tsatsa, a bi ƙananan tabo da foti, a sake gogewa. Sai a rufe gilasai da tayoyi da takarda, a tace fenti, a sirka shi da tina, a fesa shi hawa biyu ko uku da bindigar feshi mai aiki da kwamfireso. Feshin kansa sa'o'i kaɗan yake ɗauka. Sharar fagen da ta gabace shi ita ce ke cin kwanaki.

Ire-iren fenti

Fentin da ake amfani da shi ya kasu kusan uku. Akwai mai bushewa da iska kawai, wanda shi ne mafi araha da sauƙin gyara, amma rana tana dusashe shi da wuri. Akwai mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa maganin ƙarfi kafin a fesa, yana da sheƙi kuma yana jure rana da fetur. Akwai kuma wanda ake fesa launin daban, sannan a rufe shi da wani ruwa garai mai sheƙi, shi ne ake yi wa motoci masu launin ƙyalƙyali. Masu sana'a sukan kira waɗannan da sunayen haja irin su Autocryl da Autobase, ko da kuwa na wani kamfani ne.

Kowace mota tana da lambar launinta a wani ɗan allo da ke jikinta, amma tsohuwar mota launinta ya riga ya sauya, don haka masu haɗa fenti sukan gwada da ido, suna ɗiga wannan suna ƙara wancan. Kayan aiki da gwanjon ƙofofi da bamba galibi daga birnin Kano ake sayo su, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari.

Inda rahusa take fitowa

Fentin rahusa da na tsada suna iya kama da juna a ranar da aka fito da mota. Bambancin yana ƙarƙashi. Don a rage kuɗi, akan cika rami da fila maimakon a buga ƙarfen ya miƙe, ko a shafa fila a kan tsatsar da ba a kankare ba. Akan tsallake firama, ko a yawaita tina don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu, ko a rage yawan hawan feshi. Akan kuma bar cikin ƙofa da ƙarƙashin bodi, wuraren da tsatsa ta fi farawa.

Sakamakon yana bayyana bayan damina ɗaya ko biyu: fenti ya yi bororo, fila ya tsage ya ɓanɓaro a kan hanya mai gargada, sheƙi ya mutu. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Duk da haka ba kowane aikin rahusa ne algus ba. Ƙwararren mai fenti yakan zaunar da mai mota ya rarrabe masa abin da za a iya ragewa da wanda ba a taɓawa. Ana iya amfani da fenti mai sauƙin kuɗi a kan kurkurar da za ta ci gaba da ɗaukar buhu, muddin an kankare tsatsa an fesa firama. Ana iya gyara ƙofa ɗaya a bar sauran. Matsalar da ta fi jawo rigima ita ce fentin da ake yi don sayarwa, inda ake ɓoye raunin haɗari a yaudari mai saye. Masu sayen tsohuwar mota sukan ƙwanƙwasa jikinta su saurari ƙarar, ko su bi ta da maganaɗisu, domin ba ya kama inda fila ya yi kauri.

Tasirin yanayi

A masana'anta ana gasa fenti a zafin da ya kai digiri 140 ko fiye, manyan gareji na birni kuma suna da ɗakin feshi mai tace iska. A ƙananan garuruwa kuwa a fili ko a ƙarƙashin rumfa ake feshi, don haka yanayi yana da ta cewa. Da hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fenti yana bushewa tun kafin ya kwanta, sai fuskar ta yi kaushi. Da damina laima tana sa shi ya yi fari-fari. Shi ya sa masu fenti suka fi son sassafe, kafin iska ta tashi, kuma sukan yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura.

Koyo da yaye

Yawanci a gareji ake koyon sana'ar. Uba ko wani babba yakan kai yaro ya damƙa shi ga oga. Yaron yana farawa da aike da wanki da gugar samfefa, sai kwaɓa fila, sai rufe gilashi. Bindigar feshi ita ce ta ƙarshe da ake ba shi, domin kuskure ɗaya yana ɓata fentin kuɗi mai yawa. Ba a biyansa albashi, sai ɗan kuɗin abinci da ihsanin masu mota. Bayan wasu shekaru akan yaye shi, wani lokaci da walima da addu'a, ya buɗe nasa wurin ko ya ci gaba da aiki da ogansa ana raba lada.

Akwai kuma hanyar takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gudanar da jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 tana shirya jarrabawar makarantun fasaha, ƙungiyar NATA kuma tana haɗa makanikai da fanalbita da masu fenti, tana sasanta su da masu mota idan saɓani ya taso.

Samun abin masarufi

Kuɗin aiki ciniki ne, babu tsayayyen farashi. Wani mai mota yakan sayo kaya da kansa ya biya kuɗin hannu kawai, wani kuma ya ba da kwangilar gaba ɗaya. Akan ba da kafin alƙalami don sayen kaya, a cika sauran idan an gama. A nan ne mai sana'ar yake yawan cutuwa, domin motar da aka fita da ita kafin a cika kuɗi, bin bashinta yana da wuya, musamman idan mai ita ɗan gari ne da ake jin nauyinsa.

Aikin yana bin kalandar gona. Lokacin da tumatir da albasa suke fitowa, direba ba ya yarda motarsa ta kwana a gareji, sai dai a yi masa ɗan liƙi ya koma hanya. Babban aiki yakan zo bayan an sayar da amfanin gona, da kuma gabanin Sallah. Idan noma ya baci, kamar a 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano, lodi yana raguwa, kuma fenti yana cikin abin da direba zai fara ɗagewa. Saboda haka masu sana'ar da yawa sukan haɗa da noma, ko su karɓi fentin ƙyauren gida da tankin ruwa da jikin tarakta.

Inshora ba ta cika shiga wannan ciniki ba. Wadda doka ta wajabta, wadda kuɗinta ga ƙananan motocin gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta gyara motar mai ita. Idan an yi karo, galibi sulhu ake yi a bakin hanya, mai laifi ya kai motar gareji ya biya daga aljihunsa, kuma shi ma mafi arahar gyara zai nema.

Tsadar kaya ta ƙara matse ribar. Fentin mota da fila da tina mafi yawansu daga waje ake shigo da su ko da sinadaransu. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kaya ya hau, kuɗin man janareta mai tayar da kwamfireso ya hau, amma kuɗin hannu bai bi su da wannan saurin ba.

Lafiya da haɗari

Maganin ƙarfin da ake zuba wa fenti mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake cikin sanannun abubuwan da ke jawo asma ga ma'aikata. Tururin tina yana sa jiri da ciwon kai, yawan shaƙarsa kuma yana taɓa jijiyoyi da hanta. Ƙurar fila tana shiga huhu, ƙarar guduma tana rage ji, tukunyar kabayid kuma tana iya fashewa idan wuta ta koma ta cikin tiyo. Tsumma ko takunkumin yadi ƙura kawai yake ragewa, ba ya tare tururi. Shan madara bayan feshi, wanda ya zama al'ada a gareji da yawa, ba ya wanke huhu. Abin da ke karewa shi ne takunkumi mai matatar da aka yi don feshi, da tabarau, da safar hannu, da yin aiki inda iska ke wucewa, da kuma nisanta yaran gareji daga wurin feshi, domin su ne suka fi daɗewa a tsaye kusa da mota ba tare da wata kariya ba.