Yadda Aka Koyi Sarrafa Naɗin Furotin

Mai sayar da farfesun ƙafar sa a Maradun ya san abin da ke faruwa idan romo ya kwana a lokacin hunturu. Da safe sai ya tarar ya daskare yana rawa a tukunya, da ya ji wuta kuma ya koma ruwa. Masana sun shafe fiye da shekara hamsin suna bin diddigin wannan hali kafin su iya ƙera irinsa yadda suke so.

Tushen abin wani furotin ne mai suna kolajin, wanda ya cika fata da jijiya da ƙashi. A 1954, a Jami'ar Madras ta Indiya, G. N. Ramachandran da Gopinath Kartha suka nuna cewa sili uku ne suke murɗe juna a cikinsa kamar tufkar igiya. Samfurin da suka auna daga cibiyar binciken fata ta birnin ya fito, wato daga hannun masana harkar jima. Zafi yana warware tufkar. In sanyi ya zo, silin sukan sake kama juna nan da can, su zama raga mai riƙe ruwa, shi ne jelatin. Majeman ƙasar Sakkwato da Zamfara kuwa akasin haka suke nema tun kaka da kakanni: bagaruwa tana ƙulle silin kolajin a fatar jar akuya don kada ta ruɓe.

Sai dai jelatin yana da rauni babba. Yakan narke kafin zafi ya kai digiri 37 na jikin ɗan Adam, balle zafin bazara a Bakura ko Talata Mafara. Likitan da ke neman abin da zai riƙe magani a cikin jiki ba zai dogara da shi haka kawai ba.

Hanyar gyara ta faro ne daga fahimtar naɗin furotin. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson, wani masani baƙar fata ɗan Amurka da ba a cika ambatonsa ba, suka bayyana murɗin da ake kira alfa. A 1953 Francis Crick ya nuna yadda irin waɗannan murɗaɗɗun sili suke sarƙe juna. Daga baya Christian Anfinsen ya tabbatar da cewa jerin amino asid, wato tubalan ginin furotin, shi ke yanke yadda zai naɗe, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1972. A ganina nan ne al'amarin ya juya, domin duk wanda ya iya tsara jerin, ya iya tsara naɗin.

A 1998 David Tirrell da abokan aikinsa suka sa ƙwayoyin bakteriya suka samar da wani furotin da babu shi a halitta. Bakinsa biyu masu sarƙewa ne, tsakiyarsa kuma mai shan ruwa. Idan aka canja tsamin ruwan ko zafinsa sai ya narke, in aka mayar ya sake daskarewa.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Joel Schneider da Darrin Pochan a Jami'ar Delaware a 2002. Sun haɗa ɗan guntun sili mai amino asid 20 kacal, suka sa masa suna MAX1. A ruwa zalla yana nan a warware. Da an zuba gishiri ko an rage tsami sai ya lanƙwashe biyu, ya manne da 'yan'uwansa, ruwan ya kafe. In aka tura shi ta allura yakan saki jiki ya bi, da ya fito kuma ya sake kamawa. Ma'ana ana iya ɗora masa magani ko ƙwayoyin halitta masu rai a kai su daidai wurin ciwo, su zauna a nan.

Wani reshen wannan bincike ya riga ya isa asibiti. A 1993 Shuguang Zhang na jami'ar MIT ya ba da rahoton wani guntun furotin da ya gano a yis, mai haɗa kansa da kansa idan ya gamu da gishiri. Daga zuriyarsa aka samo PuraStat, ruwa garau da likitoci ke shafawa a wurin da aka yanka a cikin hanji. Da ya taɓa jini sai ya zama raga ya toshe zubar, kuma ba ya kare wa likita ganin wurin da yake aiki.