Takobin Kano: Daga Fagen Fama zuwa Fagen Wasa

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su birnin a shekara, galibinsu ƙirar Solingen ta Jamus. Fatake ke ƙetaro da su Sahara, maƙera su sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube.

Wannan zamani ya ƙare a 1903. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu, baraden da ke bin Waziri Ahmadu suka yi arangama da bindigogi a Kwatarkwashi, inda Wazirin ya kwanta dama. Daga nan takobi ya koma kayan hawan Sallah, wanda mahaya daga gundumomi irin su Bagwai ke ratayawa su yi wa Sarki jahi.

A Turai ma bindiga ce ta raba takobi da aikinsa, sai dai tun da wuri malaman sara da suka sun rubuta dabarunsu a littattafai. Da haka fasahar ta zama wasa mai ƙa'idoji, ta shiga gasar Olamfik ta farko a 1896. A 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta wannan wasa.

A ƙasar Hausa kuwa, daga hannu zuwa hannu ake gadon dabarun. Saboda haka matashin Bagwai mai sha'awar wasan takobi a yau ka iya samun takobin kakansa a rataye, amma da wuya ya sami mai koya masa sarrafa shi.