Tarihin Zuwa Aiki a Birnin Kano da Kalmomin da Ya Haifar

Malamin da ke koyar da Turanci a Kano yakan ci karo da wata kalma guda wadda Turawa ke nufin kaiwa da komowar ma'aikaci tsakanin gida da wurin aiki a kowace rana. Asalinta daga kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka ne a ƙarni na 19, waɗanda suka riƙa sassauta kuɗin tikiti ga mai shiga jirgi kullum. Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da za ta tsaya a madadinta, sai dai a ce "zuwa aiki" ko "zirga-zirga". Wannan ba gazawar harshe ba ce. Abin da kalmar ke nufi shi ne baƙo, domin bai daɗe da shigowa rayuwar Kanawa ba.

Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000. Akasarin masu sana'a a wancan zamani a zauren gida ko a cikin unguwa suke aikinsu, kamar yadda sunayen Soron Ɗinki da Dukawa suke nunawa har yau. Marini yana da karofi kusa da shi, ɗan kasuwa kuma ya taka zuwa Kurmi. Masu doguwar tafiya ta kullum su ne mutanen karkara da ke shigowa ta ƙofofin gari da jakuna, ɗauke da itace da hatsi, su koma kafin magariba. Lokutan salla da tsayin inuwa su ne agogon kowa.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma abin da ya raba gida da wurin aiki shi ne isowar hanyar jirgin ƙasa a 1911. An kafa tasha da kantunan kamfanoni a wajen ganuwa, Turawa suka zauna a Nasarawa, aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga Kudu. Ta haka gari ya kasu gida biyu, wato Birni da Waje. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa daga 1912 ya jawo leburori masu yawa, waɗanda suke kwana a Fagge ko a cikin Birni, su wayi gari a bakin tasha. A nan ne aiki ya fara zama wurin da ake zuwa a kan ƙa'idar agogo, mai makara kuma a yanke masa lada. Kalmomin "reluwe" da "lebura" da "ofis" da "akawu" duk na wannan sabon yanayi ne.

Keke shi ne abin hawan ma'aikaci na farko. Malamin makaranta ko akawun En'e da ya mallaki Rale ya kai wani matsayi, har ana yi wa keken ado kamar yadda ake yi wa doki. Da aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa, nisa ya ƙaru, sai ƙananan motocin haya suka shigo, waɗanda aka kira "kiya-kiya", kalmar da aka aro daga Yarbanci mai ma'anar sauri-sauri. Daga baya "hayis" ta maye gurbinta, daga sunan ƙirar Toyota Hiace. Tare da su aka sami "kwandasta" da "ɗan kamasho".

Shekarun 1970 na wadata ne. Jihar Kano da aka ƙirƙira a 1967 ta buɗe ma'aikatu, ƙarin albashin Udoji na 1974 kuma ya sa ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur, babba ya sayi mota, musamman da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Sai dai wadatar ta ɓoye wani giɓi: garin yana ta faɗaɗa ba tare da an gina tsayayyen tsarin sufurin jama'a ba. Kowa ya dogara da abin hawansa, aka ɗauka haka za a dawwama.

Giɓin ya bayyana bayan 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kayan gyara suka yi tsada, masana'antu suka rage mutane. Wanda yake da babur sai ya fara ɗaukar fasinja bayan an tashi daga aiki domin ya cike albashi, wanda aka sallama kuma ya mayar da abin sana'a. Wannan shi ne "acaɓa" a Kano, "kabu-kabu" a Sakkwato da Nijar. Acaɓa ya yi abin da bas ba ta iya ba, wato shiga lungunan Birni da kurɗawa cikin "gosulo", amma ya cika asibitoci da masu karaya, ya kuma cika iska da hayaƙi.

Mata ne suka zama sanadin canji na gaba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, an yi ta muhawara a kan dacewar mace ta hau bayan namijin da ba muharraminta ba. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kuma samar da babura masu ƙafa uku ɗauke da sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Maganar daga masallaci take, ita ce umarnin da liman ke bayarwa kafin kabbara. Shirin ya wuce tare da gwamnatin, sunan kuwa ya liƙe wa babur ɗin, har matuƙinsa ya zama "ɗan sahu". Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne yadda cikakkiyar jimlar umarni ta rikiɗe ta zama suna, ta kuma danne "Keke NAPEP" da ake ji a sauran sassan Nijeriya.

A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa baki ɗaya. Abin da aka tanada domin mata ya zama na kowa. Irin dogaron da garin ya yi da shi ya fito fili a Fabrairun 2021 da Janairun 2022, lokacin da 'yan sahu suka shiga yajin aiki a kan kuɗaɗen da hukumar KAROTA ta ɗora musu: ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka cika tituna a ƙafa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya ninka, wasu ma'aikata suka ciro kekunan da suka jingine tun da daɗewa.